Kunnen Hagu na Malam Dominic

Duk wanda ya zauna a Samaru a farkon shekarun dubu biyu, in dai ya taɓa leƙa bikin auren Kirista, to ya ga Malam Dominic Kazah. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, jita rataye a wuya, kullum yana tsaye dab da babbar lasifika kamar shi aka ba gadinta. Mutumin Zonkwa ne. Karatun malanta ya kawo shi Zariya, aiki ya riƙe shi a wata firamare bayan kasuwar Samaru, ya auri Naomi, Allah ya ba su 'ya ɗaya, Sharon. Litinin zuwa Juma'a yana aji huɗu da alli a hannu. Asabar kuwa ta ƙungiyar kiɗansa ce.

Su huɗu ne a ƙungiyar. Shi ke jan waƙa, Winifred tela tana amshi, Mark akawu yana kan piyano, sai Cindo mai ganga, wanda ke da shagon kafinta a Unguwar Gabas. Ba su da wurin bita na kansu. Wani makon su ari aji a makarantar Dominic, wani makon su ture katako gefe a shagon Cindo. Abin da aka san Dominic da shi kunne ne. Yana daga bakin ƙofa zai ce wa Mark yatsansa ya zame, a duba kuma a tarar haka ne. Shekara goma sha takwas ya yi yana wannan, lasifikar nan tana zuba masa ƙara ta hagu.

A damina ta dubu biyu da huɗu ya fara jin wani kuka a kunne, siriri kamar na gyare, ba ya yankewa. Bai gaya wa kowa ba. A wurin bita sai ya soma ƙorafi. Yau ya ce gangar Cindo ta danne kowa, gobe ya ce lasifikar ta tsufa, ba ya jin muryarsa. Ya ƙara mata ƙarfi, Cindo ya ƙara duka don ya ji kansa, Winifred ta riƙa ihu har ta koma gida murya a dishe. Maƙwabtan shagon suka kai ƙara wajen mai unguwa har sau biyu.

Mark ne ya kawo maganar na'urar. Ya ce ya gani a faifan bidiyo, mawaƙan waje ba sa tsayawa gaban lasifika, wani ɗan abu suke cusawa a kunne, kowa ya ji muryarsa da ta 'yan uwansa daidai yadda yake so. Dominic ya kama maganar da hannu biyu. A ransa ya riga ya yanke cewa ciwonsu ke nan, ga kuma magani.

Wata ranar Laraba bayan an tashi makaranta ya hau acaɓa zuwa unguwar PZ, shagon Madam Akunna, wadda rabin majami'un Sabon Gari a wurinta suke sayen kayan kiɗa. Ta saurare shi, ta shiga ciki, ta fito da kwali biyu. Na farko marar waya ne, sabo fil, mutum ya maƙala ɗan akwati a ƙugu ya yi yawonsa. Sai dai na mutum ɗaya ne, ba ya aiki sai da wutar lantarki, kuma ta gaya masa gaskiya, in ya lalace ba mai taɓa shi sai an kai Legas. Na biyu ɗan gwanjo ne, akwatin ƙarfe da bai wuce girman burodi ba, da rami huɗu, kowane rami da mamurɗinsa na ƙara sauti, yana kuma cin batir. Aibinsa waya. Kowa zai tsaya inda wayarsa ta ƙare, kamar akuya a turke.

Baba Adewale, dattijon da ke gyaran rediyo a shagon da ke jikin nata, yana jin su. Ya leƙo ya ce akwai hanya ta uku. Zai iya haɗa masa ƙaramar na'urar watsa sauti, kowa ya sa ƙaramar rediyo a aljihu ya kamo. Amma ya yarda za ta riƙa shuu, kuma duk matar da ta kunna rediyo a layin za ta ji bitarsu tana tuƙa tuwo.

Mako biyu Dominic yana juya abin. A bayan rajistar aji ya ja layi uku yana rubuta amfanin kowanne da illarsa. Abin da ya fi damunsa shi ne na'urar ta zama abin da zai shiga jakar makaranta, ya hau acaɓa daga Samaru zuwa Sabon Gari ba tare da ya wargaje ba, kuma kada ya dogara da wuta, tunda wuta ba ta da alkawari. Akwatin ƙarfen ya ɗauka. Da aka zo kan abin sa wa kunne, wanda 'yan kasuwa ke kira iyafis, ya ƙi masu zama a bakin kunne, ya zaɓi masu kan roba da ke toshe kunnen gaba ɗaya, saboda gangar Cindo. Naomi ta daɗe ba ta ga ya shigo gida da fara'a irin ta ranar ba.

Asabar da la'asar suka haɗu a shagon Cindo. Dominic ya jona makirfo da piyano da jita, ya raba wayoyi, ya kashe babbar lasifikar da hannunsa. Cindo ya naɗe sandunansa da tsumma. Winifred ta gwada baiti ɗaya, ta tsaya, ta dafe ƙirji. Ta ce shekara bakwai tana waƙa, yau ta fara jin numfashinta.

Sai Dominic ya ja waƙa.

Da can ƙara tana rufe komai. Yanzu muryarsa ta shiga kunnen kowa tsirara. Ya fara daidai, kafin ƙarshen layi ya zame ƙasa, ya sake zamewa, bai sani ba. Mark ya yi ta saukar da piyano yana bin sa. Winifred ta rasa inda za ta ɗora amshi, ta sunkuyar da kai tana kallon garin katako. Dominic ya tsayar da su da kansa, ya ce iyafis ɗinsa na hagu ba ya aiki. Winifred ta ba shi nata. Ya ce shi ma haka. Ya canza rami. Daga ƙarshe ya tattara wayoyin, ya ce an sayar masa da mataccen kaya.

Litinin ya koma PZ ransa a ɓace. Madam Akunna ta jona akwatin da kaset, ta sa a kunnenta, ta ce duka biyun suna yi. Dominic ya ce to shi ƙarya yake yi ke nan. Baba Adewale ya taso a hankali, ya karɓi wayar, ya sa masa na hagun a kunnen dama, ya tambaye shi ko yana ji. Ya ce yana ji. Ya sa masa na daman a kunnen hagu. Dominic ya tsaya yana jira.

“Malam, tun ɗazu yake kiɗa,” in ji dattijon. “Ba wayar ba ce.”

Madam Akunna ta ce in yana so ya bar kayan, za ta karɓa. Ya girgiza kai, ya mayar da akwatin cikin jaka. Bai hau acaɓa ba sai da ya taka har Kwangila, motoci suna wuce shi, yana toshe kunnen dama da yatsa yana saki.

A asibitin Shika aka sa shi a wani ɗan ɗaki, aka ce ya ɗaga hannu duk sa'ad da ya ji sauti. Likitar ta nuna masa takarda mai layi biyu, ɗaya ya faɗi ƙasa warwas, ɗayan ya fara gangara. Ta ce na hagu ya tafi, ba magani, ba tiyata. Na dama ana iya lallaɓa shi in ya rabu da ƙara.

Da ya gaya wa Naomi a tsakar gida, ba ta yi mamaki ba. Ta ce ta kusa shekara biyu da sani, shi ya sa ta mayar da kujerarta damansa wajen cin abinci. Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa.

“Baban Sharon, na faɗa maka har sau biyu,” ta ce. “Ba ka amsa ba. Na ɗauka fushi ka yi.”

Bai haƙura nan take ba. Asabar uku ya ƙara zuwa bita, iyafis ɗaya a kunnen dama. Kowace bita sai ya ƙara murɗa nasa mamurɗin, har ya kai inda ba ya gaba. A ta ukun Winifred tana tsaye taku biyu da shi tana jin sautin yana tsiyayowa daga kunnensa. Ta cire nata, ta jira Mark da Cindo suka fita shan ruwa.

“Malam, kai ka koya mini waƙa, ba ni da bakin gaya maka ka bari. Amma ɗayan da ya rage kake kashewa a gabanmu.”

Ya daɗe yana naɗe wayarsa a yatsu. Sannan ya nuna mata yadda ake buɗe gidan batir, ya ce ta riƙa cire baturan bayan bita don kada su zubar da ruwa, kuma rami na uku yana so a ɗan danna shi. Ya miƙa mata jakar. Jitar kaɗai ya ɗauka.

Ƙungiyar ta ci gaba a hannun Winifred, har aka ce ta fi da can daɗin ji. Dominic ya ƙara shekara uku a aji, amma yara sun gane, sukan yi surutu ta hagunsa, su amsa tambaya ƙasa-ƙasa don su ga ya karkata kai. Ya nemi a mayar da shi ofis wajen rajista, daga baya ya ajiye aikin, ya kama 'yar gona a hanyar Shika yana noman masara da waken suya.

A dubu biyu da tara Cindo ya aurar da 'yarsa, ya zo da kansa har gona ya kawo kati. Dominic ya je, ya zauna can baya kusa da ƙofa, auduga a kunnen dama kamar yadda likita ta ce. Wani sabon mutum ne ke riƙe da jita. Daga motsin yatsunsa Dominic ya gane waƙar, tasa ce, wadda ya tsara shekarar da aka haifi Sharon. Ya bi ta da leɓe har baiti na biyu. Da aka fara raba shinkafa ya taɓa kafaɗar Naomi, ya ce shi zai yi gaba, akwai taki da zai zuba kafin hadarin nan ya sauko.