Ranar da Na'Allah Ya Ƙi Kiɗa Gayyar Alhaji

Tun da hantsi hadari ya haɗo daga wajen Dahome, kafin azahar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Damina ta farko ke nan bayan an ba ƙasa mulkin kai. A lokacin ina dako a kasuwar Illo, ina zaune a Unguwar Kwari, inda mu 'yan dako da masunta da baƙin Zabarmawa da wasu mutanen kudu muke. Kafin la'asar ruwa ya kai mana gwiwa a tsakar gida. Ɗakin Goggo Atika mai tuyar masa ya zauna ƙasa, Allah ya sa tana waje.

Da can ba haka ruwa yake mana ba. Alhaji Ɗanmusa ne, babban falken goro da gishiri, ya gina katangar sitonsa a kan hanyar da ruwan kasuwa ke bi ya faɗa fadama. Da ruwan ya rasa hanya sai ya juyo kanmu.

Na'Allah ba ɗan Kwari ba ne. Makaɗin gangar noma ne, gado ya yi. Ba shi da gonar kirki, abincinsa na hannun manyan gari: damin gero da kaka, riga da sallah. Ɗakin da yake ciki ma a filin Alhaji yake. Ranar nan ya sauko ya taya mu tono tukwanen Goggo daga cikin laka. Washegari ya tafi zauren Alhaji.

"Allah shi ba ka nasara, katangar nan taka tana kashe ɗakunan talakawa."

Alhaji ya yi dariya. "Na'Allah, yaushe makaɗi ya zama sarkin gini? Ruwa na Allah ne, inda ya ga dama nan shika bi."

Mai unguwa kuma ya ce a bari sai rani. Mu dai mun san ɗakunanmu ba su kai rani.

Sai Na'Allah ya shiga bin Kwari gida-gida, yana cewa a fito a haƙa wa ruwa lambatu ta bayan katangar har fadama. Ya je wurin Nwankwo mai kanti. Nwankwo na hango shi ya ce, "Baba Na'Allah, ni fa ban iya rawa ba."

"Kowa ya sani, ɗan nan. Ba ƙafarka nika so ba, shebur nika so."

Nwankwo ya ba shi duk shebur ɗin da ke kantin. Amma hannu ya yi mana kaɗan, don yawancinmu in ba mu fita nema ba, ba a ɗora tukunya.

A ƙasarmu, in za a yi gayya, mai gona ne ke ba da tuwo, amma ganga ce ke fito da samari. Inda makaɗi ya sa gaba nan suke bi. Gayyar Alhaji ta matso, sai Na'Allah ya koma ya gaya masa gaba da gaba cewa ba zai kiɗa ba sai ruwa ya sami hanya.

"In ka ƙi, ka nemi wani ɗaki," in ji Alhaji.

"To, na ji."

Ranar gayyar ya tsaya bakin kasuwa ya saki ganga. Samari suka fito da fartanyu. Bai yaudare su ba. Ya dafe gangar ya ce, "Gonar Alhaji ga ta can gabas, akwai tuwo da nama. Nan kuwa laka ce, sai masar Goggo, ita ma ba ta isa kowa. Ni nan nika kiɗi."

Wasu sun tafi gonar, ban ga laifinsu ba, ciki ne. Arzika, wanda duk Illo ba mai kama shi a kunyar noma, ya ɗan tsaya yana sosa ƙeya. Na'Allah ya ce, "Arzika, tahi abinka, ƙasar nan tauri gare ta, ba ta yara ba ce."

"Ni kaka ce ma yaro, Baba?" Ya fizgi shebur daga hannun Nwankwo. Da ya shiga, abokansa suka bi.

Ba wanda ya taɓa katangar Alhaji. Ta bayanta muka bi, muna haƙa, mata na kwashe ƙasa a kwanduna, Na'Allah na bin mu yana yi wa kowa kirari, har da Nwankwo. Ba mu gama ranar ba, amma bayan haka mutane sun riƙa fitowa ko ba ganga. Ruwan da ya biyo baya ya wuce fadama, ɗaki bai sake faɗuwa a Kwari ba daminar nan.

Alhaji ya cika maganarsa, ya karɓe ɗakinsa. Sauran manya ma suka daina kiran Na'Allah, suka riƙa ɗauko makaɗi daga Bagudo. Mun gina masa ɗaki a Kwari, sai dai mu ba mu da gonakin da za a kiɗa wa gayya. Ya koma gyaran taru wurin masunta, da shi ya ci abinci har ƙarfinsa ya ƙare. Ban taɓa jin ya zagi Alhaji ba, ban kuma ji ya ce da na sani ba.

Yanzu yana Lafagu wurin ɗiyarsa Rahmatu. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, ba ya fita sai masallacin ƙofar gida.