Sandan Kurket a Kasuwar Isa

Shekarar fari ce. A kasuwar Isa, Saude mai awon gero tana kallon wani dogon tsoho, rigarsa fes amma duk faci. Da gani tsohon malamin makaranta ne. Yana rungume da wani faffaɗan katako mai mariƙi.

"Baba, wanga fa?"

"Sandan wasan kurket na, ɗiyata. Da shi na yi suna a kwaleji. Jikokina ba su ci komi ba tun jiya."

Ya karkata kafaɗa, ya kaɗa sandan a iska kamar ƙwallo na tahowa, sannan ya miƙa mata.

Ta auna masa gero, ta ce ya riƙe abinsa. Ya girgiza kai, shi bai zo bara ba. Ya ajiye mata sandan, ya ɗauki geron.

Yana tafiya, hannun damansa har yanzu a dunƙule, kamar yana riƙe da sandan.