Motar da Ba Ta Jan Kowa

Duk wanda ya saba bin hanyar Gure zuwa Kelle ya san Abatcha direba, wanda ake kira Wana. Ni faci nake yi a bakin tasha, shi kuwa tun yana saurayi yake murza sitiyari cikin rairayin nan mai haɗiye taya. Ba shi da fara'a, gaisuwarsa ma a taƙaice take. Amma a ƙasarmu ba a wuce motar da ta kafe, kuma Abatcha bai taɓa wucewa ba. Zai tsaya, ya fito yana faɗa, ya wanke direban tas don bai rage iskar taya ba, sannan ya ɗaura igiya ya fisgo shi. Mutanen ƙauyen Gamu har cewa suke yi, in ka kafe, shimfiɗa tabarma ka jira Abatcha. Ba shi da gona, ba shi da garke, wannan sunan shi ne abin da ya tara.

Da girma ya fara kama shi sai ya koma tuƙa Alhaji Hamidu, mai fataucin dabbobi. Bara Alhaji ya rabu da tsohuwar motarsa mai ambireyaji, wato kuloci, ya sayo wata katkat, irin motar nan mai ja da taya huɗu, daga Kwatano, otomatik, wadda ta gama shan duniya kafin ta iso mana. Kujerun fata da sanyin ciki ne suka ruɗe shi. Ni tun ran da na fara ganinta na tsane ta.

Ba a jima ba ta fara halinta. A taka ta, inji ya yi ta ihu ba ta gaba, can kuma ta zabura kamar jakin da aka tsikara. In ta hau tudu sai ta rasa bitas, wato giyar da za ta zauna, ta shiga wannan ta fita, ta koma wancan. Alhaji ya ce ƙafar Abatcha ce ta tsufa, bai iya motar zamani ba. A gaban mutane ya faɗa! Shi Alhajin da ko keke bai iya ba.

Aka kai ta garejin Husseini, makanikin da ke jikin rumfata. Ya bar injin yana aiki har ya yi zafi, ya zaro sandar awon man buwat, wato akwatin giya, ya goga a farin tsumma. Man da ya kamata ya fito ja, baƙi ya fito, yana ƙauri. Ya kwance farantin ƙasa, ya tarar filtir ya toshe. Ya leƙa gaban radiyata, ƙarangiya da rairayi sun ɗinke shi, iska ba ta ratsawa.

"Baba Abatcha, kana jan motoci da ita?"

"To da me zan ja? Da haƙori?"

"Shi ne ya dafa man. Wannan ba irin waccan ba ce, in ta yi nishi cikin rairayi buwat ɗin zafi yake ɗauka." Ya juya wajen mai mota. "Alhaji, an yi sa'a ba ta ci farantan cikin buwat ba. Zan sake mai da filtir, in wanke radiyata. In aka ƙara mata ɗan radiyata na man buwat, aka riƙa sa ta a ƙaramin bitas, za ta ja ba abin da zai same ta."

Rabin maganar kawai Alhaji ya ji. Ya yarda a sake mai da filtir, amma ya ce ba zai ƙara komai ba, motarsa ba jakin gari ba ce. Duk ran da aka sake ɗaura mata igiya, Abatcha ya ajiye makulli. Raina ya ɓaci har na jefar da guduma. Abatcha ya mayar da makullin aljihu. Yana da iyali cike da gida, kuma wa zai ɗauki direba mai furfura?

Ran kasuwar Kelle Abatcha da Alhaji suka tarar da wata motar haya ta kafe da tsakar rana, cike da mata da buhuna. Direbanta ne ya ba ni labarin. Ya ce suna hango katkat ɗin matan suka fara hamdala. Abatcha ya tsaya, ya fito, bai zagi kowa ba. Ya durƙusa ya yi ta tonon rairayi da hannu, ya sa kafaɗa ya tura tare da su. Mota mai ƙarfi tana tsaye a gefe tana gurnani, Alhaji na ciki gilashi a rufe, yana shan sanyi.

Wata tsohuwa, Fanna, ta dube shi ta ce, "Abatcha, igiyar ce ta tsinke?"

"Ba ta tsinke ba, Iya."

Motar hayar ba ta motsa ba. Alhaji ya miƙa hannu ya danna hon. Wana ya kakkaɓe gwiwoyinsa, ya shiga, ya ja suka tafi, ya bar mutane a rana. Husseini ya iya aiki, Allah ya sani, ko gargada ɗaya katkat ɗin ba ta yi ba.

Makulli yana nan a aljihun Abatcha. Amma yanzu in ya sauke Alhaji ba ya biyowa ta tasha, ta bayan gari yake zagawa gida.