Na San Tumbin Saniya, Ban San Nawa Ba

A lokacin da abin ya faru ina da shekara sittin da ɗaya, kuma duk cikin mahautan unguwarmu a Garwa ta ƙasar Kamaru babu wanda ya kai ni iya yanyana naman kilishi. Ba cika baki ba ne, sala ɗaya nake fitarwa ka ɗaga ta ka hango rana ta ciki. Daga Maruwa ma ana aiko mini da saƙo idan za a yi biki. Abin da na gada ke nan, ban kuma iya komai ba bayan shi. Sai yatsuna suka fara yi mini tawaye. In tashi da asuba sun kumbura sun sandare, hannu biyun duka, ko butar alwala ba na iya riƙewa sai rana ta ɗaga.

Uwargidana ce ta matsa na je asibiti. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, irin mai cin mahaɗar ƙashi. Ya tambaye ni ko na taɓa yin gyambon ciki. Na taɓa yi tun ina saurayi, amma na kalli idonsa na ce masa a'a, don ina tsoron ya hana ni maganin da zai sakar mini hannu. Ya rubuta mini diklofenak, da wani na biyu da ya ce zai kare mini ciki, ya ja mini kunne kada in sha sai na ci abinci, in kuma dawo bayan wata guda a fara maganin cutar kanta. Na farkon ya yi aiki kamar yankan wuƙa. Na biyun kuwa ban ji ya yi mini komai ba, sai na ce aikin banza ne, na watsar. Komawa asibitin ma ban koma ba.

Wanda ya san aikin fawa ya san ba ma karyawa a gida. Daga masallaci sai mayanka. To, a nan nake afa ƙwaya biyu in kora da baƙin kafe, wato kofi, in kunna sigari. Da ta daina riƙe ni har azahar, wani abokin sana'ata ya ba ni ibuprofen da ake kawo masa daga Najeriya, ya ce in haɗa. Mai tallar magani a kan moto, wato babur, ya ƙara mini wasu 'yan ƙanana farare, ya rantse har ƙiba suke sawa, ashe kotizon ne, maganin kumburi mai ƙarfi da shi ma yake taɓa ciki. Duk na haɗa ina zubawa a cikin da babu ko loma. Uwargida ta yi magana har ta gaji, ni kuwa amsata ɗaya ce, ita ta san tukunya, ni na san ciki.

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne alama ta zo, na gan ta da idona. Bayan gidana ya koma baƙi wuluk, mai wari. Sai na ce ai hanta ce, tunda kullum sai na gasa hanta na ci da rana. Zafin da nake ji a ƙahon zuciya kuma na ɗora wa yaji. Sati biyu ina wannan wauta, jiri yana ɗibata ina cewa rana ce. Ranar wata Laraba ina tsaye da wuƙa a hannu na yi aman jini a kan teburina, mutane suna kallo. Abokan aiki ne suka kwashe ni.

An ƙara mini jini, aka zura mini wata 'yar igiya mai ido ta maƙogwaro. Da na farfaɗo likitan nan dai ya nuna mini hoton cikina. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Lissafa mini kawai ya yi da yatsunsa: tsufa, tsohon gyambon da na ɓoye, magani iri biyu masu aiki ɗaya, kotizon a kai, taba, da cikin da babu abinci. Ya ce ko ɗaya daga ciki ya isa a yi hattara, ni kuwa na tara duka. Na ƙura wa hoton ido. Shekara arba'in ina juya tumbi ina dubawa, kuma wallahi da a saniya na ga wannan, da hannuna zan jefar da shi.

Yanzu an hana ni waɗannan magunguna gaba ɗaya. An fara mini na ainihin cutar, amma watannin da na ɓata sun riga sun karkata mini yatsu uku. Don haka nake roƙon masu ciwon gaɓɓai, musamman tsararrakina, ku faɗa wa likita gaskiya ko da ba ta yi muku daɗi ba. Kada ku haɗa maganin wani a kan naku, kada ku raina wanda ba ku ji aikinsa ba, kuma in bayan gida ya yi baƙi ku tafi asibiti ranar. Ni na yi ƙarya don kada a raba ni da wuƙata. Tana nan rataye a bangon ɗakina, kilishi kuma sayowa nake yi.