Lambar Ilu

A kan teburina a Silver Spring, nan Amurka, akwai wata 'yar lamba ta tagulla mai huji. 'Ya'yana sun ɗauka tsohon kwabo ne. Ni kuwa da na kalle ta sai in ji ƙamshin masara a murhun Iya, kakata, can Kafanchan.

Bayan isha'i muke kewaye ta, tana juya masara a kan garwashi, muna rigimar wa zai zauna kusa da ita. Tatsuniya kam tana da ita buhu-buhu. Amma ran da ta kwance bakin zaninta ta ciro lambar nan, ba mai tari. "Ku natsu," take cewa, "wannan ba tatsuniya ba ce, kakanku ne."

Kakanmu Malam Barau a lebura ya fara a ramin kwal na Inugu, har ya zama helma, wato shugaban leburori, yana shiga da mutum ashirin. Ƙa'idar ramin ita ce mai shiga ya cire lambarsa daga kan ƙusa, in ya fito ya mayar. Helma ba ya tafiya gida sai ƙusoshi sun cika.

Wata Alhamis aka tashi aiki, ƙusar wani lebura, Ilu, ba komai a kanta. Tun azahar kuwa itatuwan da suka tokare rufin ramin suke ƙara, kowa ya ji. Aka roƙi kakanmu ya dakata.

"Kun san taurin kansa?" in ji Iya. "Cewa ya yi, ni na shigar da shi. Ya ɗauki fitila ya koma."

Rufin ya rufta a kansa. Ashe Ilu yana gida. Cikinsa ne ya murɗa, ya sulale ta wata ƙofar bai faɗa wa kowa ba, lambar tana aljihunsa. Washegari ya durƙusa gaban Iya yana kuka, ya miƙa mata ita.

Na taɓa tambayarta, "Iya, kin yafe masa?"

"Na yafe mana. Ke dai Ladi, in za ki fita ki faɗa. Akwai mai jira."

Wallahi a lokacin tsine wa Ilu nake a zuci.

Ina Kaduna na sami aikin jinya a Amurka, sai rawar kai ta hana ni zuwa yi mata sallama. Na ce sai na zo hutu. Shekara biyu da zuwana ta rasu. Na sayi katin waya na kira Goggo, ta ce, "Mun sha gaya mata kin tafi. Sai ta ce ba ki yi sallama ba, don haka ba ki tafi ba. Kullum sai ta hana a kulle ƙofa." Ita ce ta bar wasiyyar a aiko mini da lambar.

Na daina tsine wa Ilu. Shi ko ba komai ya sami wadda zai durƙusa wa.