Ungozomar da Ta Ce Ba Ta Iyawa

Da an sallame sallar asuba, Inna Ladidi takan aza tukunyar ruwa a murhu. Ba ta koko ba ce. A ciki take tafasa zaren ɗaure cibi da ɗan almakashinta, ta shanya su a kan farin ƙyalle, ta yanke farce ko da jiya ta yanke, sannan ta zauna bakin ƙofa tana jiran wanda zai yi sallama a guje. Haka take tun zuwanta Nahuce daga 'Yandoto, garin iyayenta can wajen Tsafe, har bana da ido ya fara yi mata hazo ta ajiye aiki. Rabin samarin da ke buga ƙwallo a unguwarta, ita ta riga uwayensu ganin fuskarsu.

To wannan baiwar Allah ce aka yi shekaru ana yi wa laƙabi da "Inna Ba-ni-iyawa". Abin yana ƙona mini rai, kuma yau sai na amayar da shi.

Akwai wata yarinya mai suna Asiya, matar Haliru direba mai jigila tsakanin Gusau da Bunguɗu. Tana ɗauke da cikin fari wasu ƙuraje masu ruwa suka feso mata a gaba. Su fashe, su yi zafi kamar an zuba barkono, su warke, bayan wani lokaci su komo. Wannan fa a shekarun da ko tari mutum ya yi sau biyu sai a fara raɗa cewa ƙanjamau ce. Wa za ta gaya wa? Sai ta sa aka sayo mata wani gari a tashar Gusau, wurin masu tallar magani da lasifika, waɗanda ƙulli ɗaya nasu ke warkar da basir da ciwon sanyi da baƙin jini. Ta haɗa da kanwa ta shafa. Allah wadaran mai sayar wa mutum wuta ya ce magani ce! Da rarrafe ta isa ɗakin Inna Ladidi.

Inna ba ta riƙe baki ba, ba ta yi salati mai firgitarwa ba. Ta duba, ta wanke mata wurin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Ta san ciwon, don an nuna musu shi a horon da aka taɓa ba ungozomomi. Duk da haka ba ta tsaya kan saninta ba. Ta yafa mayafi ta raka ta asibiti a Gusau, aka duba, aka auna jini. Ba ƙanjamau ba ce. Ciwon nan ne da likitoci ke kira hapis, ɗan uwan ƙurajen da kan fito wa mutum a leɓe bayan zazzaɓi.

Da suka dawo Inna ta sa aka kira Haliru, don ta lura miji da mata sun fara yi wa juna kallon zargi.

"Ku bar hararar juna," ta ce. "Ciwon ga yana iya kwantawa jikin mutum shekara da shekaru bai sani ba. Ba mai iya rantsewa wa yak kawo shi. Ba a raba shi da jiki, amma ba shi kisa, kuma ba shi hana zaman aure. In ta ji ƙaiƙayi ko tsikari, ko ƙurji ya fito, ku ƙaurace wa juna sai ya warke sarai. Ko ba ƙurji yakan ratsa jefi-jefi, shi ya sa anka ba ku robar nan, kak ka jefar da ita kwata. Ke kuma, ruwan ɗumi da gishiri, ki tsane wurin, ki ɗaura zanen auduga sakwa-sakwa. Ki ci ganye, ki sami barci, ki rage sa damuwa a rai, don gajiya da ɓacin rai su ka tashe shi. In ya yi tsanani akwai ƙwayar asibiti mai sassauta shi. Kanwa kuwa a bar ta ga miya."

Abu ɗaya ma'aikaciyar jinya ta ja musu kunne a kai. In naƙuda ta zo alhali ƙurajen suna ɗanye, kada a haihu a gida. Jariri yana iya kwasar ciwon wajen fitowa, kuma abin da babba ke ɗauka da sauƙi yana iya makantar da jinjiri ko ya kashe shi. Sai dai a yi mata aiki a ciro.

Haka kuwa aka yi. Wata ranar Laraba da hantsi naƙuda ta tashi, Inna ta shiga ta duba, ta tarar da ƙurajen sun fito sababbi fil. Asiya ta damƙe hannunta.

"Inna, don girman Allah kak ki hwaɗi. In Hajiya ta ji, na kaɗe."

Hajiya Jummai uwar Haliru ce, kuma tana tsakar gida da mata cike, ana hura wutar ruwan wanka. A gidan nan abin alfahari ne mace ta haihu a ɗakinta ba wanda ya ji ƙararta. Inna ta san in ta faɗi dalili, kafin la'asar an gama yanke wa yarinyar nan hukunci a bakin rijiya. In kuma ta yi shiru ta karɓi haihuwar, ta sa ran jariri a caca. Sai ta fito tana goge hannu, ta ce, "A nemo mota. Wagga haihuwa ba ni iyawa."

"Ba ki iyawa?" in ji Hajiya. "Kwanciyar ɗan ta karkace?"

"Lahiya lau yake kwance. Ni ce dai ba ni iyawa."

A Gusau aka yi wa Asiya aiki, aka ciro 'ya mace, idonta tarwai, lafiyarta ƙalau. Da me aka saka wa Inna? Ranar suna ko rabon naman da ake kai wa ungozoma ba a aika mata ba. Aka ce tsufa ya kama ta, hannunta rawa yake. Aka ce ta sa an farke 'yar mutane a banza. Matan da ita ta yanke wa cibi suka koma kiran wata. Shi kuwa gogan naku Haliru, da ya san komai, yana jin uwarsa na yayyafa wa tsohuwar nan magana sai ya duƙar da kai ya shiga duba tayar mota. Wannan shirun nasa har yau ban yafe shi ba.

Ke ce, Inna, aka bi da waƙar tsiya a hanyar kasuwa kika yi kamar ba da ke ake ba. Kalma ɗaya za ki furta ki wanke kanki, kika haɗiye ta. Rumbun sirrin mata, mai rufe tsiraicin da ba nata ba. Kuma ba ki fasa leƙa Asiya ba, kina tambayarta ko tana barci, ko tana cin zogalenta, har ciwon ya koma sai jefi-jefi, ta yi ƙiba, ta koma sana'arta ta ƙuli-ƙuli.

Bana Asiya ta sake samun ciki. Ta yi awo, naƙuda ta zo ba ƙurji ko ɗaya, ta kafe cewa ba mai taɓa ta sai Inna Ladidi. Namiji ta haifa, a ɗakinta, kuma shi ne jariri na ƙarshe da Inna ta karɓa. Ranar suna ɗaki ya cika da mata, sai wata mai baki ta ce, "A'a, Inna, yau kin iya ke nan?" Aka kwashe da dariya.

Asiya ta miƙa jaririn ga ta kusa da ita, ta gyara zama. Ta faɗi sunan ciwonta, ta faɗi abin da Inna ta gani ran nan, da abin da zai sami 'yarta da an haife ta a gida. Ta jawo yarinyar, wadda ke gefe tana lasar alewa.

"Ku dube ta. Idon ga da take kallonku da shi, Inna ta biya shi da sunanta. Ni ce niɓ ɓoye, ita kunka zaga."

Hajiya Jummai ta tashi ta fita. Asiya da kanta ta ce in rubuta wannan, da sunanta, don ta gaji da ɓoyon da wata ke biya.

Mun gode, Inna, Allah Ya saka miki da Aljanna, Ya ƙara wa idonki haske. Ku kuma masu karatu, in wani ya buɗe muku irin wannan ciwo, ku raka shi asibiti, ku riƙe bakinku kamar yadda ta riƙe nata.

Da yammar ranar sunan nan aka ga Hajiya Jummai a ƙofar Inna, ba ta aiki kowa ba, ita ta ɗauko kwanon a kanta. Da Inna ta buɗe, ta laluba da hannu, sai ta ji rabon nama kashi biyu ne.