Sirrin Da Na Ƙaga Wa Mijin Yayata, Ashe Gaskiya Ne

Edita, lokacin da abin nan ya faru ina koyarwa a wata firamare a Madarumfa, mushe, wato malam, kamar yadda yara ke kirana. Ban yi aure ba, kuma ba ni da burin da ya wuce in ga sunana a bangon littafi. Ina jin kaina mai ido ne. In muna fada, wato majalisar samari, ana shan shayi, abokai na gardamar ƙwallo, ni kuwa ina nazarin yadda wane ke riƙe kofi, da yadda wane ke sosa ƙeya kafin ya shara ƙarya. A ganina baiwa ce Allah ya ba ni, har ina taƙama da ita.

Bayan na sha yawo da labarina babu mai kulawa, na samu wani mai buga littattafai a tsallaken iyaka, muka yi magana ta waya. Ya ce zamanin da ake kai masa rubutu ya buga ido rufe ya wuce. In riƙa sakin labarin shafi-shafi a zauren masu karatu na waya, in ya ga ana rububinsa zai buga. Ya ƙara da cewa mutanen labarina ba su da jini a jika, in daina jawo su daga sama, in duba na kusa da ni.

Da na duba na kusa, idona ya sauka kan mijin yayata. Mutumin garin Gabi ne, da an gama girbi sai ya tafi cirani kudancin Najeriya, inda kowa ya san yana da shagon atamfa da ya buɗe bayan ya sayar da gonar gadonsa. Yakan dawo da farar shadda da jan moto, wato babur, yana ƙamshin turare, kuma ba ya miƙa hannu a gaisuwa, sai dai ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna. Na kwashe wannan duka na ɗora wa tauraron labarina. Sai na ga mutum mai wadata ba ya jan mai karatu, don haka na ƙaga masa sirri: shagon ya karye tun shekarar farko, kurar ruwa yake turawa unguwa-unguwa, yana ɓoye tafin hannunsa ne saboda kantar da turin kura ya fito masa da ita. Wallahi daga kaina na ƙaga shi, har ina yaba wa kaina.

Labari ya karɓu fiye da zatona. Abin da ban lissafa ba shi ne wayoyin garinmu ma suna cikin zauren. Mata a lambu bakin tafki suka riƙa sa mai karatu ta karanta musu suna ban ruwa. Ba a jima ba na lura a masallaci ana satar kallon hannun bawan Allah nan. Wani mai kifi, abokin wasansa, ya tare shi a kasuwa yana tambayarsa ko zai kawo masa jarka biyu. An ce ya yi dariya tare da su. Ni ma da na ji na yi dariya, don na ɗauka wasa ne zai wuce.

Bai zo wurina ba. Yayata ce ta zo gida da yaranta da ƙullin kaya, ta ce wa innarmu saɓani ne kawai. Sai da ta ja ni bayan rumbu ta tambaye ni wa ya faɗa mini. A nan na gane abin da na ƙaga gaskiya ne. Duk duniya ita kaɗai mijin ya gaya wa, ya kuma ce mata tunda babu na uku, ita ce ta kai wa ƙaninta. Na rantse mata, ta dube ni kallon wanda ba a yarda da shi ba. Ta ce in tuna ko na taɓa laɓewa a zaurensu, ko na taɓa bincika wayarsa. Daga nan zargi ya shiga ko'ina. Shi yana zarginta, ita tana zargina, ta daina kula aminiyarta don ko ta taɓa suɓutar baki a gabanta. Ni kaina na koma zargin kaina. Anya ban taɓa ganin hannun nan ba, ranar suna ko wurin cin tuwo, idona ya adana abin da hankalina bai sani ba? Har yau ban iya amsa wannan ba.

Na same shi bakin tafki yana wanke moto. Na ce a tara manya, in dafa Alƙur'ani cewa Yaya ba ta faɗa mini komai ba. Ya tambaye ni me zan rantse a kai. In na ce ba ta faɗa mini ba, ai na shaida wa manya akwai abin faɗa ke nan. Ya ce yanzu zato mutane ke yi, shi kuwa zai iya rayuwa da zato, in rufa masa asiri in yi shiru. Hanya ɗaya da zan wanke yayata ita ce in ƙarasa tona mijinta.

A cikin wannan hali mai bugun ya kira ni cike da murna, wai yanzu na zama marubuci, in turo ƙarshen labari. Na ce na fasa. Na goge abin da na saka, amma wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ya goguwa. Manya kuwa suka yi biko a kan saɓanin da ba su san tushensa ba, Yaya ta koma ɗakinta.

Ga masu sha'awar rubutu irina, ku ji tsoron aron siffar mutum mai rai, musamman a garin da kowa ya san moton kowa da tafiyar kowa. In ka ɗauki rigar mutum da gaisuwarsa, duk abin da ka ɗora a kai nasa ne a idon jama'a, ko ƙarya ne ko gaskiya, kuma ba ka san abin da Allah ya rufa masa ba. Ba kai za ka biya ba, wanda ya fi kusa da shi ne zai biya. Da damina na tambayi Yaya ko komai ya daidaita. Ta ce ba ya zaginta, ba ya hana ta komai. Sai dai a da, in ya dawo daga cirani, ita kaɗai yake buɗe wa hannu ta shafa masa man kaɗe. Bana da ya dawo ya zaunar da ita, ya ba ta labarin yadda ciniki ke tafiya a shago, kamar yadda yake ba kowa.